Wa Ke Ƙirga Ƙudan Zuma?

'Yan uwa ɗalibai, da iyayenmu waɗanda ake kai wa wannan mujalla gida, filinmu na sanin halittu a wannan fitowa ya faɗo kan ƙudan zuma. Ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk ɗalibin da karatunsa ya yi nisa ya san cewa sura ta 16 a cikin Alƙur'ani mai girma da sunan wannan ɗan ƙwaro ake kiranta, watau Suratun Nahli, kuma da wuya a sami gidan da ba a taɓa lasa wa yaro zuma saboda tari ba. (Iyaye mata a lura, likitoci sun hana a ba jaririn da bai cika shekara ba.) To amma zumar nan da muke gani a kwalba ita ce ƙaramin rabo daga cikin aikin da ƙudan zuma ke yi mana. Babban aikin yana can a lambu da gona da daji, kuma yawancinmu ba mu ma san ana yin sa ba, balle mu lura ranar da ya fara raguwa.

Ku dubi kwanon abincin dare. Shi tuwo, na dawa ne ko na masara ko na gero ko na shinkafa, ba ya jiran ƙwaro. Iska ce ke ɗaukar garin furen waɗannan hatsi, wasunsu ma su ke yi wa kansu aikin. Amma ku juya wajen miya. Kabewar taushe, agushi, riɗi, daddawa wadda ake yi da kalwar ɗorawa, man kaɗe, man ja, duk suna cin moriyar ziyarar da wani ɗan halitta ke kai wa furensu kafin su zo kasuwar Kawo ko kasuwar Barci. Haka kankana da gurji da mangwaro da yazawa da sauran kayan marmari da yawa.

Yaya abin yake? Kabewa ce za ta fi saurin fahimtar da mu, tun da kusan kowane kango a Tudun Wada ko Badarawa akwai ta da damina. Idan kuka duba yaɗon kabewa da kyau za ku ga furanninta iri biyu ne. Akwai mai dogon siririn wuya wanda a cikinsa akwai wani gari rawaya. Wannan shi ne namiji. Akwai kuma wanda a ƙarƙashinsa za ka ga 'yar ƙwallo kamar ƙaramar kabewa. Wannan ita ce mace. Sai garin nan na namiji ya isa cikin furen mace sa'an nan 'yar ƙwallon za ta ƙosa ta zama kabewa. Wannan shi ne masana ke kira barbarar fure. To garin kabewa yana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaga shi. Furen kuwa da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. Cikin waɗannan 'yan sa'o'i ne ƙudan zuma zai shiga namiji neman ruwan zaƙi, gari ya manne a gashin jikinsa, ya tashi ya faɗa mace. In ba wanda ya zo, bayan kwana biyu ko uku 'yar ƙwallon sai ta yi rawaya ta faɗi. Mai lambu ya ce kabewa ta zubar da 'ya'ya, ya ɗora wa taki laifi, wani ma ya ce bakin mutane ne. Ziyara ɗaya kuma ba ta isa. Kankanar da kuke gani ta karkace, gefe ɗaya ya cika ɗaya ya shanye, sau da yawa garin da ya isa furenta ne bai wadata ba.

Ba ƙudan zuma kaɗai ke wannan aiki ba. Masana sun ƙididdige irin ƙudan zuma sama da 20,000 a duniya, mafi yawansu ba sa yin zumar da za a ɗiba, ba su kuma zama a amya. Akwai galla, 'yan mitsi-mitsin nan marasa harbi masu damun mutum a ido lokacin zafi. Akwai babban baƙin nan mai gurnani wanda ke huda azara, wanda ke son furen zogale da na wake. Akwai malam-buɗe-littafi. Har ƙudan gida da 'yan uwansa, waɗanda muke ƙyama, su ne kan gaba wajen ziyartar furen mangwaro da hunturu. Kowane yaro kuma ya san in ya tsaga ɗan ɓaure zai tarar da ƙwari a ciki. Ba ɓarna suka shiga yi ba; furen ɓaure a cikin ɗan yake a ɓoye, kuma waɗannan ƙwari ne kaɗai ke iya kai masa gari.

Da dare kuwa aikin na jemage ne. Furen kuka fari ne, da magariba yake buɗewa yana wani irin wari, jemagu masu cin 'ya'yan itace su bi warin su zo. Jan furen ɗorawa mai kama da tuntu, jemage na lasar sa da dare, ƙudan zuma kuma ya yi masa sammako. Ita ma rimi, wadda Unguwar Rimi ta ci sunanta, jemage ne babban baƙonta. Saboda haka yaron da ke harbin jemage da danƙo, ma'aikacin daddawar gidansu yake harbi bai sani ba.

Ga masu son lissafi: a shekarar 2016 wani babban kwamitin masana na ƙasashen duniya ya fitar da rahoto cewa kusan kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona suna amfana da ziyarar irin waɗannan halittu, haka kuma kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure. A nan kusa da mu, a ƙasar Burkina Faso, wasu masu bincike sun rufe furannin auduga da na riɗi da ƙyalle don hana ƙwari isa gare su, suka bar wasu a buɗe. Sakamakon da suka buga a 2017 ya nuna waɗanda aka rufe sun yi ƙasa da kashi 37 cikin 100 a auduga, da kashi 59 cikin 100 a riɗi. Manomin riɗi ya yi wa kansa lissafin buhuna. Akwai kuma labarin kwakwar manja. Da aka kai ta Malesiya, shekara da shekaru mutane ake biya suna bi suna barbaɗa mata gari da hannu, sai a 1981 aka ɗauko wani ɗan ƙwaro daga Kamaru, maƙwabciyarmu, aka sake shi a gonakin. Shi ke nan ya karɓe aikin, ba albashi.

Abin da ke cin su

Abu uku ne suka fi yi wa waɗannan ma'aikata illa a ƙasarmu, kuma duk da hannunmu ake yin su.

Na farko feshi. Duk wanda ya bi lambunan bakin Kogin Kaduna da rani, daga wajen Rafin Guza da Malali har zuwa Unguwar Rimi da Kabala, zai ga mutum goye da tankin feshi. Ba wanda zai ga laifin mai lambu don ya kare gumin goshinsa. Waɗanda suka yi wayo a 2016 suna tuna tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna Sharon, wadda ta cinye gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kwando ya gagari talaka. A wannan shekarar ce kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a Nijeriya. Mutumin da ya taɓa ganin irin wannan asara, in ya ga ƙwaro ɗaya sai ya ƙara murfi biyu a kan abin da takarda ta ce. Sai dai maganin ba ya tantance aboki da maƙiyi. Wanda aka fesa wa fure da hantsi, lokacin da ƙudan zuma ke tsakiyar aiki, ya kashe wanda ya tarar. Wasu magungunan kuma shiga jikin tsiro suke yi har su fito a ruwan furen, ƙudan ya sha ya kasa gane hanyar gida. Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu guda uku a fili a shekarar 2018.

Na biyu wuta. Ƙonon daji da kaka yana cinye ƙananan furanni da gidajen ƙwarin da ke zama a ƙasa da cikin kara. Ga kuma tsohuwar hanyar ɗibar zuma: a hau itace da dare da bakin wuta, a babbake gidan duka, a sauko da saƙa har da 'ya'ya. An sha zuma yau, an kashe mai yin ta gobe.

Na uku kuwa gatari. Garin Kaduna, tun da aka dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, faɗi yake ta yi. Iyayenmu za su gaya muku inda Rigasa da Mando da Rigachikun suka tsaya a da. Kowane sabon fegi, ɗorawa ko kaɗanya ce ta faɗi. Kowane buhun gawayi da aka jibge a bakin titi, wata bishiya ce mai fure. Ƙudan zuma kuwa akasari cikin kilomita 2 zuwa 3 da gidansa yake kiwo. In ya rasa fure a wannan da'ira, irin namu na Afirka ba ya zaman jira, tashi yake ya yi ƙaura gaba ɗaya.

Sai an ƙirga ake sanin an rasa

Makiyayi ya san adadin shanunsa, da magariba in ɗaya ta ɓace zai gane. Ƙwari fa? Wa ya san yawan ƙudan zuman da ke ziyartar lambunan Malali bana, balle ya kwatanta da na shekara goma da suka wuce? Rahoton nan na 2016 da kansa ya nuna cewa an fi samun ƙididdiga a Turai da Amurka, nahiyarmu kuwa bayananta kaɗan ne ƙwarai.

A ƙasar Jamus akwai wani gari, Krefeld, inda wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwari, da yawansu ba ma aikinsu ba ke nan, suka riƙa kafa tarko mai kama da ƙaramin tanti suna auna nauyin ƙwarin da suka faɗa ciki. Sun fara a 1989. Ba su canza irin tarkon ba, ba su canza yadda suke awo ba, suna dai rubutawa suna ajiyewa. Da aka tattara lissafin wurare 63 na tsawon shekara 27 aka buga a 2017, sai aka ga nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100. Duniya ta girgiza. Ku lura fa, abin da suka yi amfani da shi tanti ne da kwalba da sikeli da haƙuri.

Mu mutanen Kaduna ma ƙirgar ƙwari ba sabon abu ba ne a garinmu. A Unguwar Rimi akwai cibiyar binciken ciwon barci da sammore, wadda aka kafa a 1947 don Afirka ta Yamma baki ɗaya, daga baya a 1964 ta koma ta Nijeriya. Aikinta a kan tsando ne, ƙudan da ke ɗauke da cutar. A zamanin da, ma'aikata ne ke bin hanya ɗaya a bakin rafi da 'yar koma a hannu, suna kamawa suna rubuta adadi. Daga baya aka gano tsando na son launin shuɗi, aka ƙera tarkon ƙyalle shuɗi da baƙi wanda ke kama shi ba tare da mutum ya tsaya ba. Da wannan lissafi ake sanin inda cuta ke barazana ga shanu da mutane. Wancan ƙirgar maƙiyi ce don a rage shi. Dabarar dai ita ce ake bukata a ƙirga aboki don a kiyaye shi.

Na'urorin da suka shigo

Bari mu fara da amya. Tsohon mai kiwon zuma yakan kara kunnensa a jikin amya ya gaya maka ko lafiya, yakan ɗan ɗaga ta ya ji nauyi ya san ko zuma ta taru. Abin da injiniyoyi suka yi shi ne suka ba ƙaramar na'ura wannan kunne da wannan hannu. Ana ɗora amyar katako a kan sikeli mai aiki da batir, a sa ɗan faifan hasken rana yana caja shi, a sa masa layin waya. Kowace sa'a sai ya auna ya aika wa mai amya saƙo. In nauyi na hawa kullum, to akwai fure a yankin, ƙudan na shigo da kaya. In ya tsaya cik ko yana sauka a hankali, yunwa ta shigo, sai a ba su ruwa da abin da za su lasa kafin su gudu. In kuwa ya faɗi farat ɗaya da rana tsaka, to wani ɓangare ya tashi da sarauniya. In da tsakar dare ne ya koma sifiri, wannan kam ba aikin ƙwaro ba ne, ɗan Adam ne ya zo.

A ciki kuma ana saka ma'aunin zafi ɗan ƙarami. Ƙudan zuma na riƙe wurin da 'ya'yansu ke kwance a wajen digiri 35, da sanyin Janairu da zafin Afrilu duk ɗaya. In sanyi ya yi sai su dunƙule su motsa jiki, in zafi ya yi su ɗebo ruwa su yi fifita da fikafikai. Idan ma'auni ya nuna zafin ciki ya fara bin na waje, yana hawa da rana yana sauka da dare, to alama ce babu 'ya'ya, watakila sarauniya ta mutu. Wasu na'urorin har da abin ɗaukar sauti, domin kukan amyar da ta rasa sarauniya daban yake. Amfanin wannan duka shi ne ba sai an buɗe amya ba, kuma duk wanda ya san zafin ran ƙudan zumanmu ya san darajar haka. An gwada irin waɗannan na'urori a Habasha tsakanin 2018 da 2020 a wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi. A Nairobi ta Kenya kuma cibiyar binciken ƙwari da ake kira icipe ta buɗe babban ɗakin gwajin lafiyar ƙudan zuma a 2014, mai rassa a Burkina Faso da Kamaru da Habasha da Laberiya.

Akwai kuma bin sawu. Wani masani mai suna Karl von Frisch ya gano cewa in ƙudan zuma ya sami fure yakan koma gida ya yi wata irin rawa a kan saƙa, wadda ke nuna wa 'yan uwansa shiyya da nisa. An ba shi kyautar Nobel a 1973, amma wasu sun ci gaba da musu. Sai da masu bincike suka manna wa ƙudan wata 'yar siririyar waya a baya, suka bi tashinsa da na'urar rada, suka buga sakamako a 2005 cewa lalle wanda ya kalli rawar nan shiyyar da aka nuna masa yake nufa. A 2014 a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya an manna wa ƙudan zuma 5,000 wasu 'yan alamu da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, don a riƙa sanin fitarsu da dawowarsu. Da irin haka ake gane ko wani magani ya sa suna ɓata a hanya. A birnin Accra na Gana kuwa jemagu aka ɗaura wa 'yan na'urorin da ke magana da tauraron ɗan Adam, aka tarar wasu kan yi nisan da ya wuce kilomita 70 daga makwancinsu wajen neman abinci. Ku kwatanta da nisan Kaduna zuwa Zariya. Watau bishiyar da jemage ke kwana a cikin gari tana iya yi wa ɗorawar ƙauye mai nisa hidima.

Daga sama ma ana kallo. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, kuma tun 2008 kowa na iya samun hotunan kyauta. Nijeriya ta harba nata na farko a 2003. Da waɗannan hotuna ana iya jera Kaduna ta shekarun baya da ta yau a ga inda kore ya koma kwano, a ga abin da ya rage na gandun dajin Afaka da ke wajen Mando, inda kwalejin gandun daji ta tarayya take. Tauraro ba ya ganin ƙudan zuma, amma yana ganin abincinsa.

A ganina, a yi hattara da ɗoki. Sikelin amya mai layin waya kuɗinsa na iya fin na amyar da zumarta, ga matsalar batir, ga tururuwa da ke son shiga cikin kayan lantarki, ga ɓarawo wanda zai fi murna da faifan hasken rana a kan zuma. Mutumin da ke rataye amyar ciyawa a kan ɗorawa ba zai saye shi ba, kuma bai kamata a raina shi don haka ba. Inda abin zai yi amfani shi ne ƙungiyar masu kiwo ko wata kwaleji ta sa guda ɗaya ko biyu a yanki, kowa ya amfana da labarin da suke bayarwa. Na'urar da ta fi kusa da mu kuwa tana cikin aljihun Baba. Akwai manhajar waya mai suna iNaturalist, wadda aka fara a 2008. Ka ɗauki hoton ƙwaro a kan fure, waya ta haɗa da rana da wuri, kwamfuta ta yi hasashen sunansa, masana daga ko'ina su duba su tabbatar. Hoton da yarinya ta ɗauka a bayan gidansu a Unguwar Dosa sai ya shiga rumbun da masu bincike na duniya ke ɗiba.

Daga ƙirga zuwa kariya

Sanin lokaci shi ne rabin maganin matsalar feshi. Tun da an san da safe zuwa hantsi ƙudan zuma ya fi aiki, in feshi ya zama dole sai a bari sai yamma liƙis, bayan sun koma gida, kuma a guji fesa wa shukar da ke tsakiyar fure. A bi awon da ke jikin kwalba. Kada a wanke tanki a bakin rafi ko kududdufin da suke shan ruwa. A wasu ƙasashe akwai manhaja ta musamman da manomi ke sanar da masu amya na kusa cewa gobe zai yi feshi, su toshe ƙofar amya na ɗan lokaci. Mu nan zauren WhatsApp na unguwa ya isa, ko ma a aiki yaro.

Akwai kuma tarkon da ake ratayewa a gona mai ɗauke da ƙanshin macen malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsa. Mazan su bi ƙanshi su faɗa, manomi ya ƙirga da safe. In babu ko kaɗan ne, ya ajiye kuɗin maganinsa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta bi ta wata hanyar: a ƙarshen 2019 aka amince da wani irin wake da ta fitar, SAMPEA 20-T, wanda aka gyara halittarsa don ya jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Masu binciken sun ce da shi feshi biyu ya isa a madadin shida zuwa takwas. Akwai masu ja da irin wannan iri, kuma muhawarar ba ta ƙare ba. Abin da ya shafi zancenmu dai shi ne duk feshin da aka rage a gonar wake mai fure, rai ne aka bar wa masu ziyara.

Wajen ɗibar zuma ma an sami sauƙi tuni. Amyar katako irin ta Kenya, mai kama da kwami, a samanta ake jera sanduna, kowace saƙa a jikin sanda ɗaya. Da ɗan hayaƙi mai sanyi ake kwantar da ƙudan, a ɗaga saƙar da ta nuna a yanke, a mayar da mai 'ya'ya. Kowane kafinta a Panteka zai iya yin ta in an ba shi awo. In kuma taron ƙudan zuma ya sauka a silin makaranta ko bishiyar gida, a janye yara, a nemo mai kiwon zuma ya kwashe su. Fetur da ashana sun ƙone gidaje da yawa a garin ƙona ƙudan zuma.

Aikin minti goma

A Ingila tun 2017 akwai wani shiri na ƙasa da ke karɓar ƙidaya daga mutanen gari, har da 'yan makaranta. Ga yadda ake yi, kuma ba abin da zai hana ajinmu yi. A haɗa kara huɗu a yi murabba'i, kowane gefe santimita 50. A ɗora a kan shuka mai fure. A zauna shiru minti 10 ana kallo, duk ƙwaron da ya sauka a kan fure a cikin murabba'in a ja masa layi a littafi: ƙudan zuma daban, galla daban, babban baƙi daban, ƙuda daban, malam-buɗe-littafi daban, wanda ba a sani ba a rubuta "wani". A rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa, da sunan shukar, da ko akwai rana ko hadari ko hazo. In ba a ga komai ba a rubuta sifiri, domin shi ma sifiri labari ne. Sharaɗin kawai shi ne a riƙe wuri ɗaya da lokaci ɗaya, misali kowace safiyar Alhamis da ba a zuwa Islamiyya, kuma littafin ya zauna a hannun malami, aji ya gada daga aji. Ranar 20 ga Mayu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ƙudan zuma tun daga 2018, ana iya karanta lissafin shekara a gaban iyaye.

Ƙudan da ke kan fure hankalinsa na kan aikinsa, ba ya harbi sai an taɓa shi. Amma kada wanda ya kusanci amya ko kogon da suke zaune, kuma yaron da aka san jikinsa na kumbura sosai in an harbe shi, a ba shi aikin riƙe agogo daga nesa.

Wanda ke da kabewa a gida kuma yana iya maimaita gwajin Burkina Faso da kansa. Da yamma a nemi furen mace guda biyu waɗanda ke shirin buɗewa gobe. Za a gane su da bakinsu ya fara yin rawaya. A rufe ɗaya da ƙyalle shara-shara a ɗaure bakin a hankali, ɗayan a ɗaura masa jan zare kawai a bar shi a buɗe. Kada a yanko gidan sauron da aka raba a asibiti, wannan akwai magani a jikinsa. Tsohon gyalen Mama ya fi. Washegari bayan la'asar a kwance ƙyallen. A dawo bayan mako ɗaya da abin awo, a auna 'yan ƙwallayen biyu, a kawo wa malamin aji abin da aka samu.